Gaisuwar Surukai a Ƙauyen Sin

Duk ɗan kasuwar da ke sayo kaya daga ƙasar Sin ya san akwai lokaci a shekara da komai ke tsayawa cik. Daga Kantin Kwari har masu ɗan shagon waya a bakin titin Kankiya, za ka ji ana cewa a yi maza a tura kuɗi kafin hutun Chana. Masana'antu su rufe, masu loda kwantena su watse, wanda ka saba kira dare da rana ya daina ɗaga waya. Iyakar abin da yawancin mutanenmu suka sani game da sabuwar shekarar Sinawa ke nan: kaya za su yi jinkiri, farashi zai motsa. Ba a cika tambayar ina waɗannan miliyoyin ma'aikata suke tafiya ba. Ƙauye suke tafiya, wurin iyayensu. A cikin ayarin kuma akwai 'yan tsiraru daga cikinmu, waɗanda suka auri 'ya'yan Sinawa, sun nufi gidan surukai. Ina cikinsu.

Ni mutumin Ƙofa ne, ta ƙaramar hukumar Kusada a jihar Katsina. Neman abinci ya kai ni Guangzhou, birnin da ke kudancin Sin, inda 'yan kasuwar Afirka suka yi sansani tun ƙarshen shekarun 1990, musamman a unguwannin Xiaobei da Sanyuanli. A 2014 hukumomin birnin sun ce 'yan Afirka mazauna can sun kai kimanin 16,000, ban da masu shiga da fita. Aikina haɗa wa 'yan kasuwar Kano da Katsina kaya in tura masu. A can na haɗu da matata, tana riƙe da lissafi a wani kamfanin dakon kaya, kuma ta karɓi Musulunci kafin a ɗaura mana aure. Iyayenta manoma ne a wani ƙauye na lardin Henan, a tsakiyar ƙasar, ba Musulmi ba ne. Abin da zan faɗa a nan, abin da idona ya gani ne a gidansu, da abin da mukan tattauna da masu irin aurena idan an idar da sallar Juma'a.

Su ma da wata suke lissafin wannan biki, sai dai sukan ƙara wata guda a wasu shekarun don kada ya bar lokacin sanyi, shi ya sa kullum yake faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Kwana 15 ake yi ana shagali, daga sabon wata zuwa daren da ya cika, amma zirga-zirgarsa kwana 40 gwamnati ke ware mata. 'Yan ci-rani da suka baro ƙauye suka shigo birane sun kai kimanin miliyan 300, kuma da yawansu wannan ne kaɗai lokacin da suke ganin iyayensu, wasu ma har da 'ya'yan da suka bar wa kakanni riƙo. A 2025 hukuma ta ƙiyasta tafiye-tafiyen waɗannan kwanaki 40 da kusan biliyan 9, idan an haɗa da masu motar kansu. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su, a zama guda da ta sa hawan Sallar Kano. Haɗuwar ta yi mani daɗi, domin duk wanda ya ga tashar mota ranar jajibiri ya san irin zuciyar da ke jan mutum gida.

Turawan da suka auri Sinawa suna yawan kuka da wannan ziyara, kukan nasu kuwa kusan iri ɗaya ne: masai na rami a bayan gida, ba ruwan zafi na wanka, ba a ƙwanƙwasa ƙofa kafin a shigo, dangi cike da ɗaki tun da sassafe, ga ƙarar nokawut da ake fasawa har gari ya waye. Wanda ya tashi a Ƙofa ba ya ganin abin kuka a nan. Ranar da na fara shiga ƙauyen na ga gonakin alkama shimfiɗe iyakar ganin ido, domin Henan ke noma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na alkamar ƙasar. Na ga tsofaffi jingine da bango suna shan hantsi, masara rataye a rufin ɗaki, kaji na tsakar gida, sai hankalina ya kwanta. Sanyi ne kawai ya gwada mani ƙarfi. Gidajen karkarar yankin ba su da bututun ɗumama ɗaki irin na biranen arewa, mutum da rigar sanyinsa yake cin abinci, da ita yake hira. Alwalar asuba sai da ruwan filas. Buta kuwa tawa nake tafiya da ita a jaka, don ba al'adarsu ba ce. Akwai kuma doka: baƙo ɗan wata ƙasa da ya sauka a gidan mutane dole ya yi rajista wurin 'yan sanda cikin awa 24. Saboda haka fitar farko da nake yi da surukina, zuwa ofishin 'yan sanda ce, shi da littafin rajistar gidansa, ni da fasfona.

Wahalar gaske tana wani wuri daban. Mu da su duka muna ɗaukar surukuta da nauyi, hanyar nuna girman ce ta yi hannun riga.

A wurinmu girmama suruki nisa ne. Ka tuɓe takalmi tun daga zaure, ka durƙusa, ka sunkuyar da kai, ka gaisa, ka ajiye goronka, ka tashi. Ba ka cin abinci a gabansa ko da yunwa na cinka. In ka hango surukarka a hanya, ka sake hanya. A dā saurayi kan tara abokai su yi wa suruki gayya su nome gonarsa tas, amma ba zai zauna inuwa guda da shi ya sha fura ba. A ƙauyen Henan kuwa girmama suruki kusanta ce. Teburi ɗaya za ku zauna. Shi zai ɗebo nama da 'yan sandunan cin abincinsa ya aza maka a kwano, ka ci, ka ƙara, ka yaba, ka yi hira da murya sake, ka yi dariya. Rana ta biyu ta sabuwar shekara ita ce ranar da matan aure ke komawa gidan iyayensu tare da mazajensu, kuma sabon ango shi ake ba kujerar girma, wadda ke fuskantar ƙofa, dattawan dangi na kewaye da shi suna yi mashi hidima. Ka yi tunanin Bahaushe a wannan kujera. Duk abin da tarbiyya ta koya mashi, na sunkuyar da kai da taƙaita magana da ɗan taɓa abinci ya janye hannu, a idonsu ba kunya ba ce. Gani suke ya raina girkin gidan, ko talaucinsu ya yi mashi ƙazanta.

A ziyarata ta farko surukata ta ja 'yarta zuwa madafi, idonta da hawaye, ta tambaye ta ko mijinta ba ya son su ne. Ni kuwa ina zaune ina yi masu ladabin da ko Hakimi zan yi wa iyakarsa ke nan. Da matata ta bayyana mata cewa a garinmu wanda ya cika ciki a gaban suruki shi ne mara tarbiyya, sai tsohuwar ta ce, to ai nan ba garinku ba ne, ku gaya mashi ya ci. Na ci. Har yau ina jin nauyi, amma na gane cewa a wannan gida cin nan shi ne gaisuwata.

Hausawa na cewa in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi tsumma ka ɗaura. Maganar gaskiya ce, kuma ta isar wa mutum a mafi yawan abubuwa. Ba a shara ranar farko ta shekara, kada a share arziki. Ba a kafa sandunan cin abinci a tsaye cikin shinkafa, domin haka ake yi wa matattu. Ba a ba da kyautar agogon bango. Ana gudun lamba 4. Tsaraba bibbiyu ake kai ta, katan na madara da 'ya'yan itace da man girki. Yara da tsofaffi ana ba su kuɗi a jar ambulan, da hannu biyu, kuma a nan ban sha wuya ba, goron Sallah ne aka sa wa riga. Duk waɗannan ina kiyaye su don kada in ɓata wa mutanen gida rai, ba don na yarda shara na korar arziki ba. Amma akwai wurare uku da karin maganar nan ba ya kai Musulmi.

Na farko alade ne, domin shi ne naman Sinawa. Idan Basine ya ce nama bai ƙara komai ba, shi yake nufi. A ƙauyuka da dama ana kiwon guda musamman don a yanka shi gab da biki. Abincin daren jajibirinsu a arewa ɗan ƙullin fulawa ne da ake cusa wa niƙaƙƙen nama da ganye a dafa a ruwa, kuma iyali duka ke zama su naɗe shi tare. Kauce wa yankan naman da ido ke gani abu ne mai sauƙi. Wanda ido ba ya gani ya fi yawa: kaskon da ya shekara yana shan kitsen, katakon yanka, romon da aka dafa ganye da shi, da giyar girki da ake ɗigawa a kifi da kaza ba tare da an ɗauke ta giya ba. Wani ɗan'uwa ɗan Maraɗi ya gaya mani cewa shi biredi da dafaffen ƙwai ya rayu a kansu har ya baro gidan surukansa, kuma surukan ba su yafe mashi ba. Ban ga laifinsa a kiyaye addininsa ba, amma da an yi magana tun kafin a taso, da ba a kai ga haka ba. Sinawa ba baƙin Musulunci ba ne. Masallacin Huaisheng na Guangzhou yana cikin mafi tsufa a ƙasar, kuma Musulmin can suna danganta kafa shi da sahabi Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas. A Henan ɗin kanta akwai Musulmi 'yan ƙabilar Hui masu yawa, har birnin Kaifeng ya shahara da masallatan mata zalla. Kusan kowane babban gari za ka sami mahaucin Hui da alamar halal a ƙofar shagonsa, kuma manomin Henan ya san maƙwabcinsa Hui ba ya cin alade. Da matata ta ce wa iyayenta abincina irin na Hui ne, nan take suka gane. Surukata ta sayi sabon kasko da sabuwar wuƙa da sabon katako, ta ɗaura masu jan zare don kada a haɗa. Surukina kan hau babur cikin sanyin nan ya je gari ya sayo naman rago. Kaza kuwa ni ake miƙo wa wuƙa in yanka. Mutumin da bai san Allahn da nake ambata ba yana riƙe mani ƙafafun kaza yana jira in yi bisimilla. Wannan alheri ne, ba ni da wani suna da zan kira shi da shi.

Giya ta fi alade wuya, domin alade abinci ne kawai, ita kuwa giya a teburinsu harshe ce ta girmamawa. Fara ce tas, da dawa ake yinta, ƙarfinta kan wuce kashi 50 cikin 100. A Henan mai gida kan tsiyaya ya miƙa wa baƙo da hannu biyu, ya tsaya a kansa har sai ya shanye, kuma ƙin karɓa daga hannun dattijo kusan mari ne. Sabon ango shi aka fi matsa wa, har akan ce a nan ake gane halinsa. Shawarar da nake ba kowane ɗan'uwa ita ce kada ya fake da ciwon ciki ko shan magani, don baɗi za a tambaye shi ko ya warke. Ya faɗi gaskiya sau ɗaya, a fili, tun kafin a zauna, kuma ya bar surukinsa ya sanar da dangi da bakinsa. A al'adarsu akwai ƙofa: ana karɓar shayi a madadin giya daga wanda ke da uzuri. Nakan tashi tsaye da kofin shayina, in bi dattawa ɗaya bayan ɗaya bisa shekarunsu, in sa bakin kofina ƙasa da nasu, in yi masu fatan lafiya da tsawon rai. Ba zan ce zuciyata na sakewa da zama inda ake sha ba, kuma na san malamai da dama za su ce ko zaman bai kamata ba. Shi ya sa da an ci abinci, kwalabe suka fara yawa, nake tashi in koma wurin yara. Wani kawun matata bai daina jin haushina ba har yanzu. Na haƙura da haushinsa.

Na ukun shi ne wanda ba ni da sassauci a kansa ko kaɗan. Da jajibiri maza kan je maƙabarta su ƙona takardu da turare, su gayyato kakanni su zo a yi biki da su. A babban ɗaki akan ajiye hotunansu da abinci a gabansu. Da asubar ranar farko, a ƙauyukan Henan da Shandong da Hebei, matasa kan bi gida-gida su zube gwiwa biyu su kai goshi ƙasa, ga hotunan matattu da kuma ga tsofaffi masu rai. Goshin Musulmi wuri ɗaya yake sauka. Na gaya wa surukina haka ta bakin 'yarsa, na ce ba raini ba ne, ko mahaifina da ya haife ni ba na yi mashi wannan. Ya yi shiru, sa'an nan ya tambaya, to ku yaya kuke gaida manya? Sai na tuɓe takalmi na durƙusa a gabansa irin durƙuson da zan yi a zauren gidanmu. Ya dube ni, ya kama kafaɗata ya tashe ni, ya ce wannan ya isa. Tun daga ranar haka nake gaida shi da matarsa da tsofaffin dangi. Maƙabarta nakan raka su in taya su cire ciyawa, in an zo ƙona takarda in ja baya. Matata ma haka, kuma nata ya fi nawa ciwo, domin kakanninta ne.

Masu ganin bai kamata a je ba sam, ina tuna masu da Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, wadda mahaifiyarta ta ziyarce ta a Madina tana kan shirka, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce ta da ta sada zumunci da ita. Mu Katsinawa ma ba baƙin wannan ba ne. A ƙasar Malumfashi da Ƙafur akwai gidajen da ɗa ya musulunta uba na Bamaguje, ba a kuma daina gaisuwa da kai ɗauki ba.

Sai tambayoyi. Nawa kake samu a wata? Ka sayi gida? Nawa ka saya? Mu da ko 'ya'yan mutum ba ma ƙirgawa a gabansa, wannan kan zo mana da nauyi, amma su a wurinsu kulawa ce. Yara kan taɓa fatar hannuna su duba yatsunsu, tsofaffi su shafa gashin ɗana, matasa su ɗaga waya su ɗauki hoto ba sallama. Yawancin wannan rashin sani ne, kuma ban manta yadda yaranmu ke bin Bature a baya suna ihu ba. Amma akwai wanda ba rashin sani ba ne. Tun 1983 ake nuna wani dogon shirin shagali a talabijin daren jajibirin shekara, gidaje da yawa na kallo. A na 2018 an fito da wata Basiniya da aka shafa wa baƙi a fuska, aka cusa mata tsumma a baya, da kwandon 'ya'yan itace a ka, wai ita ce uwa 'yar Afirka. An yi ta suka a duniya. A ɗakin da nake wasu sun yi dariya suna waiwayena, suna zaton zan ji daɗi an nuna mutanenmu. Surukina bai yi dariya ba. Ya dubi fuskata, ya tashi ya zuba mani shayi.

Tambayar da ta fi kowace nauyi shi ya yi mani ita, muna tafiya a bakin gona, matata na fassara muryarta na rawa: an ce a ƙasarku mutum na auren mata huɗu, kana da wata a can? Dokar Sin ta hana auren mace fiye da ɗaya tun 1950. Dokar taƙaita haihuwa kuma, wadda ta yi aiki daga wajen 1980 zuwa 2015, ta bar yawancin iyaye da ɗa ɗaya ko biyu. Mu da muka tashi a gidan mutum ashirin da wuya mu gane tsoron tsohon da 'yarsa ita ce rabin abin da ya mallaka a duniya, ga shi wani baƙo zai iya ɗauke ta zuwa inda ba zai iya binta ba. Ba hukumar da za ta riƙe shi in ya tsufa kamar yadda 'ya'yansa za su riƙe shi. Na ce mashi ba ni da wata, addinina ya halatta, amma ba zan yi komai a ɓoye ba. A nan zan yi magana da 'yan'uwana kai tsaye: na san waɗanda suka bar mata da 'ya'ya a gida, suka zauna a kujerar girma a ƙauyen mutane, suka ce su gwauraye ne. Wannan yaudara ce, an cuci mata biyu da gidaje biyu, kuma ita ce ke sa a dubi na bayansu da zargi.

Duk wannan zama, wadda ta fi kowa shan wuya ita ce matar. Ita ce tafinta, ita ce mai sulhu, ita ke tace maganar kawu kafin ta iso kunnena, ta tausasa tawa kafin ta isa nasa. Ita ake wa gori a madafi cewa ta bar abincin iyayenta ta rufe kai. Ban gane girman abin da take ɗauka ba sai da muka zo Babbar Sallah gida, na zama ni ne a tsakiya.

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano muka kama hanyar Katsina, muka wuce Bichi da Tsanyawa. Tun a mota nake koya mata: hannun dama, mayafi, durƙuso, kada ta ambaci sunana a gaban Inna. Ta kiyaye duka. Abin da ban shirya ta a kansa ba shi ne karamcinmu. Aka gyara mata ɗaki, aka shimfiɗa sabuwar darduma, aka yi ta shigo da kwanuka a rufe: tuwon shinkafa, waina, soyayyen naman layya, fura da nono. A ajiye, a ce sannu da zuwa, a fita, a saki labule, don baƙuwa ta ci a sake ba idon kowa. Ni kuma ina waje wurin maza tun safe har dare. Da na shigo na same ta zaune gaban kwanuka ba ta taɓa ba. Ta ce, me na yi masu da ba wanda zai ci da ni? A garinsu wanda aka ware wa abinci shi kaɗai a ɗaki, an fitar da shi daga dangi ke nan.

Washegari ta ɗauki kwanonta ta fita tsakar gida, ta durƙusa ta gaida Inna, ta zauna a gefen tabarmarta, ta zaɓi tsoka mafi kyau ta sa mata a kwano. Matan gida suka rufe baki da mayafi. Inna ta kawar da kai, don ita a duniyarta ba ta taɓa cin abinci da matar ɗa ba, balle matar ɗan fari, wanda ko sunansa ba ta faɗa. Gwaggona ce ta ceci zaman. Ta matso ta ce, “Yaya, ki karɓa mana, 'yar nan girmama ki take yi irin na garinsu.” Inna ta ce, “To, Allah ya yi albarka.” Ba ta ci a gabanta ba, amma ta sa an kira ƙannena mata ta ce daga yau kada a sake barin baƙuwar nan ta ci ita kaɗai. Miyar kuka ce ta fara shiga ranta, saboda daddawa, don su ma suna da waken da suke ruɓarwa su yi miya da shi. Zafi ya wahalar da ita, da doguwar gaisuwa da ba ta san inda take ƙarewa ba, da masu leƙowa ta katanga su ga matar Chana. Mu ma an tambaye ta abin da bai kamata ba, har da ko gaskiya ne suna cin kowace irin dabba. Mutanen Ƙofa ba su ga kansu a matsayin masu tsohuwar al'ada ba, kamar yadda surukaina ba su ga kansu haka ba. Kowa gidansa yake, yana yi wa baƙo iyakar alherin da ya sani.

Yanzu kuma lissafin wata ya kawo mu wata gaɓa. Watanmu na ja baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, nasu na tsaye a lokacin sanyi, sai ga shi sun haɗu. A 2026 sabuwar shekararsu ta faɗo 17 ga Fabrairu, gab da kamun azumi. A 2027 za ta faɗo 6 ga Fabrairu, a 2028 kuma 26 ga Janairu, duka a bakin Ramadan, domin su daga haihuwar wata suke ƙirgawa, mu sai an gan shi. Ma'ana, kwanakin da suka fi kowane cin abinci a shekararsu sun hau kan farkon azuminmu. Azumin kansa ba wuya a can, yini gajere ne ga sanyi. Wuyar ita ce babbar liyafar dangi da rana ake yinta, kuma na riga na faɗi matsayin wanda ya zauna bai ci ba. Mun roƙi surukina ya mayar da ta gidansa bayan faɗuwar rana, ya yarda, ko da yake wasu dangin da ke nesa sun yi gunaguni saboda komawa cikin dare. Surukata kuwa ta tambayi ƙarfe nawa ake sahur, ta riƙa tashi tana dafa mana taliya da romon rago, duk da mun ce ta kwanta za mu iya.

A 2029 bikin nasu zai faɗo 13 ga Fabrairu, daidai ƙarshen azumi, Ƙaramar Sallah na biye da kwana ɗaya ko biyu. Gida biyu za su nemi mu a mako guda, tsakaninsu tafiyar yini da kwana a jirgi. Inna ta riga ta aiko ƙanena ya gaya mani cewa tana son ta ga jikokinta da kayan Sallah a Ƙofa. Surukina kuma ƙarfinsa ya fara raguwa, ɗansa namiji na aiki a wani lardi mai nisa, ba kowace shekara yake samun zuwa ba. Muna duba yiwuwar mu nema wa tsofaffin biyu biza mu taho da su Katsina a wannan shekarar. Matata ta fara yi masu maganar, surukata ta ce sai in za a bar ta ta zo da kaskonta.